Kowane Manomi Yana Samun Ruwa

"A sake, Alhaji," in ji Malam Dalhatu. "Gets ne. Akwai 's' a ƙarshenta."

Alhaji Musbahu ya gyara zama a kujerar falonsa, ya kawo takardar dab da hancinsa, ya yi gyaran murya kamar mai shirin huɗuba.

"Every farmer get water."

"Gets."

"To ni me na ce?"

"Ka haɗiye ta, ranka ya daɗe. Sai ka zo bakinta, sai ka haɗiye."

Alhaji ya ajiye takardar a cinyarsa, ya yi wa Malam Dalhatu irin kallon da yake yi wa leburan da ya kayar masa da kwandon tumatir. Tun da sassafe suke abu ɗaya. Shayin da aka kawo musu ya huce, ƙudaje sun gama da burodin.

Yau ne baƙi za su zo Gangaren Marke. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ce ta taimaka bara aka yashe kanal ɗin garin, aka cire ciyawar da ta toshe shi, yanzu kuma ta turo wakiliyarta ta ga yadda manoma suke amfana. Alhaji Musbahu shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani, shi zai yi jawabin maraba. An ba shi shawarar ya yi da Hausa a fassara, ya ƙi. Takwaransa na wajen Kadawa ya taɓa yin nasa da Turanci har aka sa a rediyo, ga shi kuma Alhaji yana da niyyar tsayawa takarar kansila. Don haka sakataren ƙungiya ya rubuta jawabin, aka tura direba makarantar sakandare ya ɗauko malamin Turanci.

Duk wanda ya bi ta makarantar nan ya san Malam Dalhatu, sai dai da yawa sun manta sunansa na yanka. Malam Konkod ake ce masa, da sunan darasin da ya fi ƙauna a duniya, wato dokar nan ta Turanci da ta ce dole aikatau ya jitu da mai aikata shi: in mutum ɗaya ne aikin ya ɗauki 's', in suna da yawa ya ajiye ta. Yakan shiga aji ya rubuta a allo, "Kubra ya tafi kasuwa," ya tsaya sai dariya ta lafa, sannan ya ce, "To haka Bature yake ji a ransa duk ranar da ɗayanku ya ce she go." Abin kuma bai tsaya a aji ba. Ya taɓa sauka daga babur a Kura ya kama musu da wani mai kemis a kan rubutun allon shagonsa, har mutane suka taru suna zaton maganin jabu aka kama. Ya taɓa bin sanarwar shugaban makaranta da jan biro tana manne a bango, abin da wasu ke ganin shi ya sa har yau ba a ƙara masa girma ba. Mai karanta labaran Turanci a rediyo ma bai tsira ba, sai dai shi ba ya ji.

"Bari in sake bayani," in ji Malam Dalhatu. "Every, wato kowane. Kalma ce mai ɗaukar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ko manoman Kano duka ka tara, da ka sa musu every ka mai da su mutum guda. In ka ce get, kamar ka tashi a gaban jama'a ne ka ce kowane manomi suna samun ruwa."

"Ai an gane."

"An gane, amma an kuma gane inda mutum ya tsaya a karatu."

Alhaji ya ɗaure fuska. A tsakiyar firamare ya tsaya, kuma rabon da wani ya tuna masa, balle a cikin falonsa, an daɗe. Malam Dalhatu bai lura ba, yana can yana ƙara jan layi a ƙarƙashin kalmar. Alhaji ya haɗiye abin da ya taso masa, ya sake ɗaukar takardar. A wannan karon 's' ɗin ta fito, doguwa, kamar tayar babur tana sacewa.

"Madalla," in ji Malam Dalhatu, fuskarsa ta washe. Sai a lokacin ya tuna da maganar da ya ƙudurta tun a mota cewa zai yi.

Gonar da ya gada wurin mahaifinsa tana can ƙarshen kanal, inda ake kira wutsiya. Tun da Alhaji ya shuka shinkafar rani a ƙatuwar gonarsa ta bakin ƙofar ruwa, aka jera buhunan yashi a mararraba, ruwa ya daina gangarawa. Tumatirin Malam Dalhatu ya fara fure, furen yana zubewa.

"Alhaji, ita wannan jimla, ta fuskar nahawu yanzu ba ta da matsala. Sai dai mu can wutsiya..."

"Malam," in ji Alhaji, yana ninke takardar, "Turanci na aika a ɗauko ka ka gyara mini. In ina neman mai gyaran ruwa na san gidansa. Bari baƙi su tafi lafiya, za a duba."

"Za a duba" ita ce amsar da 'yan wutsiya suke samu tun farkon rani. Malam Dalhatu ya daɗe da lura cewa jimla ce marar mai aikatawa, ba a taɓa sanin wanda zai duba ɗin ba. Ya so ya faɗi haka, amma Alhaji ya riga ya ɗauki wayar salularsa yana faɗa da masu kawo kujeru.

Direban da ya ɗauko shi an aike shi Bunkure, don haka da ƙafa ya koma gida, ta bakin kanal. A wajen ƙofar ruwa, inda ake kafa rumfuna, kanal ya cika har yana tumbatsa, wani yana share gefensa da tsintsiya, an lulluɓe buhunan yashin da ganyen ayaba. Da ya ci gaba da gangarawa ruwan ya rame, ya koma taɓo, taɓon ya koma tsagaggiyar ƙasa. Kafin ya kai wutsiya awaki ne suke kiwo a cikin kanal ɗin.

A gindin darbejiya ya tarar da maƙwabtansa na gona suna zaune a gefen kanal, sun saki ƙafafu a ciki. Baba Dattijo, aminin mahaifinsa, wanda yake noma a nan tun ranar da aka fara sako ruwa a yankin, shi ya fara magana.

"Malam Dalhatu, an ce kai kake koya wa Musbahu yadda zai yi mana ƙarya da Turanci."

"Gyaran nahawu kawai na yi, Baba."

"To, Allah ya ba da lada. Zauna."

Ya zauna. Tsohon ya juya sandarsa a hannu kafin ya ci gaba.

"Mun yi shawara. Lasifika tasu ce, tafinta nasu ne. In na tashi na ce ruwa ba ya zuwa, tafinta zai ce wa matar nan tsoho yana godiya. Kai kaɗai ne a cikinmu za ka yi magana ta shiga kunnenta ba ta bi ta hannun kowa ba."

Bilya, mai gonar albasar da ke jikin tasa, ya ce, "Mun sha jin labarin Turancinka a wurin 'ya'yanmu, Malam. Har gida suke zuwa suna mafarkinsa. Yau dai ya yi mana rana."

Malam Dalhatu ya dubi fuskokinsu. A duk shekarun da ya yi yana koyarwa babu wanda ya taɓa neman Turancinsa don wata buƙata, gudunsa ake yi. Yau kuwa tun safe har an nema sau biyu. Ya bugi ƙirji.

"Ku bar mini," ya ce. "Da ya gama jawabi za a ba da damar tambaya. A nan zan tashi."

A gida ya tarar da matarsa Halimatu Sa'adiyya tana goge masa farar shaddarsa da dutsen guga. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garin, tana jin Turanci daidai gwargwado, amma ta daina yin sa a gabansa tun watan farko na aurensu. Ya ba ta labari a tsaye, sannan ya shiga kai da kawowa a tsakar gida yana harhaɗa jawabi. Zai fara da yi wa baƙuwa barka da zuwa, ya taɓo tarihin noman rani a taƙaice, sannan ya gangaro kan halin da ake ciki da jimla mai rassa uku.

"Malam, kafin ka gama tarihin sun kai Kano," in ji Sa'adiyya. "Ka ce mata no water. Ka zauna."

"Wannan ba jimla ba ce. Babu aikatau a cikinta."

"Gonar ma babu ruwa a cikinta, kuma ba ta fasa zama gona ba."

"Ba ki gane ba. Wannan mace a cikin harshen aka haife ta. In na yi mata Turancin 'yan tasha, wa zai ɗauki maganarmu da daraja?"

Sa'adiyya ta hura gawayin dutsen gugar, ta miƙa masa rigar.

Baƙin da aka ce za su iso da hantsi ba su iso ba sai bayan azahar. Kafin nan 'yan makarantar da aka jera a rana sun yi laushi, janareta ya mutu an tashe shi, maroƙi ya wasa Alhaji har muryarsa ta dushe. An jera kwandunan tumatir jajur a gaban rumfar manya, waɗanda kowa ya san daga kasuwa aka aro rabinsu. An kuma tara mata a rumfa guda, saboda an ce Turawa suna son ganin mata a taro. Sa'adiyya tana cikinsu da farin hijabinta na aiki. 'Yan wutsiya kuwa aka ba su benci a can baya, inda inuwa ta ƙare. Malam Dalhatu ya zauna a tsakiyarsu, shaddarsa tana ɗaukar ido.

Wakiliyar Baturiya ce, doguwa siririya, ta sa malafa, rana ta mai da fuskarta kalar kayan da ke cikin kwandunan. Jami'ai biyu daga birni suna biye da ita cikin kwat, suna sharce gumi. Tana zama ta fito da ɗan littafi da biro.

Aka yi addu'a, aka gabatar da manya har da waɗanda ba su zo ba, sannan Alhaji Musbahu ya miƙe da babbar riga mai aska, ya karɓi lasifika.

Gaisuwar ta wuce lafiya. A layi na gaba ne aka fara ɓarin.

"The farmers is happy."

Malam Dalhatu ya runtse ido. Are. Sun yi ta da safe, har ya zana masa hoton manoma uku a gefen takardar.

"The canal have been clean."

Ya naɗe yatsun ƙafarsa a cikin takalmi. Bilya ya dube shi ya raɗa masa, "Ƙarya yake zubawa ko, Malam? Na ga jikinka har rawa yake."

"Bari dai," in ji Malam Dalhatu ta tsakanin haƙora.

Ya yi ta ba kansa haƙuri. Ba don wannan ya zo ba. Ya tuna furen tumatirinsa a ƙasa, ya tuna awaki a cikin kanal, ya sake bitar jimlarsa mai rassa uku. Alhaji kuwa ya sami kansa, murya ta buɗe, yana ta tattaka dokokin da Malam Dalhatu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karewa. Baturiya tana gyaɗa kai, ko a jikinta. Wannan ma ya ƙara ƙona masa rai.

Sai aka zo kan jimlar. Alhaji ya ɗago kai daga takarda, don ita ce ya haddace. Ya miƙa hannu wajen ruwan da ke tumbatsa a bayansa, ya ja numfashi.

"Today, every farmer get water."

"Gets!"

Malam Dalhatu bai san lokacin da ya miƙe ba. Murya ce da ta saba kaiwa bangon baya na ajin da yara ke zaune har kan taga, ba ta buƙatar lasifika. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar janareta.

"Gets," ya sake faɗa, yana nuna Alhaji da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. "Every farmer gets water."

Baturiya ta ɗaga hannu ta dakatar da Alhaji, ta juya ta tambaya ko wane ne wannan. Sakataren ƙungiya, wanda tsoro ya hana shi tunanin ƙarya, ya ce malamin makaranta ne, kuma yana noma a ƙarshen kanal. Nan take fuskarta ta saki. Ta miƙe ta tako har bakin rumfa, ta ce da Turanci a hankali, ta san a irin waɗannan ayyuka na ƙarshen kanal su ne suke shan wahala, don haka tun da ta zo take son jin ta bakin ɗaya daga cikinsu.

"So every farmer gets water?" ta tambaye shi.

Malam Dalhatu bai taɓa jin an furta kalmar haka ba. 'S' ɗin ta fito siririya, tsaf, ba a ja ta ba, ba a haɗiye ta ba, daga bakin mai abin. Shekara da shekaru yana gaya wa yara haka ake faɗa, suna kallonsa kamar shi ya ƙirƙiro don ya wahalar da su. Ga shaida yau a gaban garin duka.

"Exactly, madam," ya ce, yana murmushi. "Gets."

Ta sunkuya ta rubuta.

Motsin biron nan ne ya farkar da shi. Ya ga abin da take rubutawa kamar a tafin hannunsa: manomin ƙarshen kanal ya tashi da kansa, ba a tambaye shi ba, ya tabbatar da cewa kowa yana samun ruwa. Ya waiga. Baba Dattijo yana gyaɗa masa kai, Bilya ya dunƙule hannu yana masa alamar ya ci gaba. Ya juyo wajen Baturiya.

"Madam," ya ce.

Ta ɗago.

Barka da zuwa ta gudu, tarihin noman rani ya gudu, jimla mai rassa uku ko reshe ɗaya bai saura ba. Abin da ya rage a kansa guda ne: babu ɗayanmu da yake da ruwa. Gajeruwar magana, wadda ɗan aji biyu zai iya juyawa.

"None of us..."

Ya tsaya. Has ne ko have? Malaminsu na kwalejin horon malamai ya ce none tana nufin ko ɗaya, ɗaya kuwa has take ɗauka. Amma us jam'i ce, kuma ya tabbata ya taɓa ganin have a wata jaridar Ingila da aka naɗo masa ƙosai a ciki. In da a aji ne da ya zaɓi ɗaya ya wuce, wa zai tanka? Amma nan ga mai harshen a tsaye tana kallon bakinsa, ga mutumin da ya gama gyara wa kuskure a bainar jama'a yana huci a bayanta. Has. Have. Bakinsa ya tsaya a buɗe a kan harafin da duk biyun suka fara da shi.

"None of you...?" in ji Baturiya, cikin tausasawa, irin yadda shi bai taɓa yi wa ɗalibi ba.

Ɗaya daga cikin jami'an nan masu kwat ya duba agogonsa, ya matso kusa da ita.

"None of them has any complaint, madam," ya ce. Wato babu ɗayansu da yake da wani ƙorafi.

Has. Kunnen Malam Dalhatu ya cafke kalmar tun kafin sauran jimlar ta iso. Ashe malaminsu na kwaleji yana da gaskiya. Kansa ya gyaɗa da kansa, sau biyu, yadda yake yi in ɗalibi ya ba da amsa daidai.

Baturiya ta sake rubutawa, ta yi masa godiya, ta tafa. Rumfar manya ta ɗauki tafi, 'yan makaranta suka karɓa, makaɗa suka saki kalangu. Babu inda tafin ya kai na bencin baya ƙarfi. A rumfar mata mutum ɗaya ce ba ta tafa ba.

Daga nan komai ya tafi da sauri. Alhaji ya tsallake sauran jawabin ya faɗa kan godiya. Aka zagaya da baƙuwa bakin ƙofar ruwa, ta ɗauki hoton ganyen ayaba, aka cusa mata kwandon tumatir a bayan mota. Malam Dalhatu ya yi ƙoƙarin kutsawa wajenta, yanzu da "no water" a bakinsa, ko babu aikatau ya yarda, amma 'yan banga sun yi shinge, ɗayansu ma tsohon ɗalibinsa ne da bai manta bulalar she go ba. Motoci suka tashi suka hau titin Kano.

Alhaji Musbahu ya jira sai da ƙararsu ta ɓace, sannan ya tako har bencin baya, babbar rigarsa tana jan ƙasa.

"Malam, na shigar da kai falona, ka sha shayina, ka rasa inda za ka tsinka ni sai a gaban Baturiya?" Da Hausa ya faɗa, da ƙarfi, babu harafin da ya haɗiye. "To ka ji da kyau, kai da masu zuga ka. Ku da ruwa sai damina."

Ya juya ya tafi. Bilya ya bi bayansa da kallo, ya dubi sauran.

"Kun ji ko? Ta shige shi."

Rakiya suka yi wa Malam Dalhatu har gida, shi a tsakiya kamar ango. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar, maƙwabta suka fito jin labari. Kafin a zagaya sau biyu labarin ya yi ƙiba. Bilya ya ce da idonsa ya ga hannun Baturiya yana rawa lokacin da take rubutu. Wani ya ce kalmar farko da Malam ya jefa, sai da hular Alhaji ta goce. Wani kuma ya ce shirun nan da Malam ya yi baki buɗe, shi ne ya fi komai, don a nan matar ta gane abin ya fi ƙarfin faɗa. Shi kuma mai kwat da ya sa baki, ai haƙuri yake bayarwa a madadin gwamnati.

Malam Dalhatu yana zaune yana kallon tabarma. Sau da yawa ya ɗago zai yi magana, sai wani ya riga shi da sabon yabo.

Baba Dattijo ya jira sai da hayaniya ta lafa. Ya dafa gwiwar Malam Dalhatu.

"Lokacin da mahaifinka ya kai ka makarantar boko, ina cikin waɗanda suka ce ya yi asarar hannu a gona. Yau na janye." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Dashena na farko ya ƙone, ka sani. Amma ina da sauran irin tumatir a bayan gida, da guga nake ba shi ruwan rijiya, ni da tsohuwa. Shi ke nan abin da ya rage mana bana. Ina ta tsoron cire shi. Tunda matar nan ta rubuta da hannunta, barazanar Musbahu ta zama iska. Gobe da sassafe zan cire in dasa, kafin ya kama ƙasa ruwa ya iso. Ko ya ka gani?"

Duk suka zuba masa ido.

"Bari in shiga in fito, Baba," in ji Malam Dalhatu.

Sa'adiyya tana tsakar gida tana jiƙa busasshen tumatir na miyar dare. Katangar gidan ba ta da tsawo, duk abin da aka faɗa a waje ta ji. Ba ta ɗago ba, shi ma bai tsaya ba. Ya wuce ɗakinsa, ya janyo akwatin littattafai daga ƙarƙashin gado, ya zaro babban littafin nahawun nan da bangonsa ya rabu. Ya tsuguna a bakin ƙofa inda haske yake, yana bin layi da yatsa. Ya karanta, ya koma ya sake karantawa.

Ya fito da littafin a buɗe a hannunsa.

"Sa'adiyya."

"Na'am."

"Ashe duk biyun daidai ne. Has da have. Ga shi nan, an yarda da kowanne."

"To alhamdu lillahi," ta ce, tana matse tumatirin. "Hankalina ya kwanta."

Daga waje aka jiyo muryar Baba Dattijo yana yi wa Malam Dalhatu addu'a, da shi da zuriyarsa da iliminsa, jama'a suna amsawa da amin. Sa'adiyya ta jira aka shafa, sannan ta tsame hannunta daga kwanon ta dube shi, karo na farko tun da suka baro wurin taron.

"Ka fita ka gaya wa tsohon nan kada ya taɓa irinsa. Ka gaya musu abin da ka ce, da abin da aka rubuta. Da Hausa, Malam. In ka yi kuskure ma babu mai gyara maka."

Malam Dalhatu ya tsaya jim yana kallon ƙofar zaure. Sannan ya naɗe kunnen shafin don kada ya ɓace masa, ya ajiye littafin a kan turmi, ya nemi takalmansa.